Matashi a Hanya: Abin Gani da Abin Ci, Daga Tambuwal Har Landan

  Ina gaida mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo. Ina gaida mutanen Kebbe da Kuchi da Sangi da Girkau. Na gida da na gona, da direban da ke kan hanyar Jega da rediyo a kunne, duk sannunku da aiki.

Shirinmu na yau na matasa ne. Amma iyaye kada ku tashi, domin da ku za a yi. Zancen tafiya za mu yi. Ba tafiyar ci-rani ba, ba ta fatauci ba. Tafiyar da mutum ke yi don ya ga gari, ya ci abincin mutanensa, ya dawo da labari. Abin da ake kira yawon buɗe ido ke nan.

Me ya kawo zancen? Wayoyin 'ya'yanmu ne. Yaro na zaune a Kebbe, yana kallon wani sa'ansa a Faris ko Landan. Ga shi tsaye gaban dogon gini. Ga shi da faranti a gaba yana ci yana yabawa. Sai yaron namu ya yi ajiyar zuciya, ya ce wannan sai 'ya'yan masu kuɗi. To ni abin da nake so in gaya wa yaron nan shi ne, kuɗi suna kai mutum gari, amma ba su nuna masa garin. Gani abu ne da ake koyo. Ka duba, ka ɗanɗana, ka tambaya, ka adana. Kuma a gida ake fara koyonsa.

Shirin ya kasu uku. Da farko za mu ji labarin wani yaro Bahaushe da ya ratsa ƙasarmu ya kai biranen Turai tun 1855. Na biyu, za mu duba abin da matashi zai tarar idan Allah ya kai shi can a yau. Na uku kuma mu dawo gida, mu hau mota a tashar Tambuwal.

To, ga kashi na farko. Labarin Dorugu.

Ku riƙe sunan nan, Dorugu. An haife shi wajen 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Yana ƙaramin yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi bawa. Aka yi ta wucewa da shi hannu zuwa hannu har Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Overweg ya mutu a 1852 a bakin Tafkin Chadi. Sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim.

Na faɗi farkon nan ne don kada mu yi wa labarin kwalliya. Dorugu bai bar gida da son ransa ba. Raba shi aka yi da uwa da uba. Wannan ciwo ne, kuma ya kamata mu ji shi a matsayin ciwo.

A ƙarshen 1852 Barth ya tashi daga Kukawa ya nufi yamma, yaran na biye da shi. Suka bi ta Damagaram da Katsina. A 1853 suka iso Wurno, inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake zaune. Suka shiga Sakkwato. A watan Mayu suka sauka Gwandu, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Mutanen Tambuwal, kun ji? Gwandu. Nan arewa da ku, tafiya kaɗan a babur. A nan Barth ya sami kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai da Tambutu, ya zauna yana kwafar abin da zai iya. Kuma a rubutunsa ya yaba albasar Gwandu. Ku lura da wannan. Bature ya taso tun daga Jamus, abin da ya tsaya ya rubuta a ƙasarmu har da littafin malamanmu da albasar fadamarmu.

Daga Gwandu sai Birnin Kebbi, sai Say inda suka ƙetare Kwara, sai Tambutu a watan Satumba na 1853. A 1854 suka sake biyowa ta Gwandu da Sakkwato, suka wuce Kano da Kukawa. Suka keta Sahara a kan raƙuma, suka isa Tarabulus a watan Agusta na 1855. Daga nan sai jirgin ruwa. Malta. Marsiliya. Faris. A watan Satumba na 1855 Dorugu ya taka Landan, yana ɗan shekara 15 ko 16.

Ku tsaya ku auna. Yaron nan ya shiga jirgin ƙasa shekara fiye da 50 kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ya ga Faris tun ba a gina hasumiyar Eiffel ba, wadda yaranmu ke gani a waya, domin ita sai 1889 aka gama ta. Barth ya kai su Jamus, suka ga Hamburg da Balin. Daga baya suka zauna a Ingila, a garin Chatham, a gidan wani limamin Kirista mai suna James Frederick Schön. Shi Schön Hausa yake son koyo don aikin mishan. Sai ya sa Dorugu yana magana, shi yana rubutawa. Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa tsantsa. Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. A 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fitar da shi da Turanci.

Wurin da masu karatu suka fi tunawa a labarin shi ne inda Dorugu ya bayyana yadda ake cin abinci a gidan Bature. Bari in zana muku yadda al'adar take a Ingila ta wancan zamani, don ku ga abin da idon yaron ya tarar. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Kowa da kujerarsa, kowa da farantinsa. Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Maza da mata suna zama a haɗe. Ba a kawo abincin gaba ɗaya. Romo ne farko, a sha, a kwashe kwanuka. Sai kifi, a ci, a kwashe. Sai nama. Sai kayan zaƙi. In an gama, mata su fara tashi, maza su ɗan ƙara zama suna hira.

Yanzu ku tuna daga inda ya fito. Ya fito daga inda ake ajiye akushi ɗaya a tsakiya, a wanke hannu, babba ya fara sa hannu, yaro ya ci gabansa bai ɗaga kai ba. Komai na teburin nan baƙo ne a wurinsa. Amma bai rufe ido ba. Ya lura da wanda ya fara zama. Ya lura da abin da aka fara kawowa. Ya lura da wanda ya fara tashi. Ya adana a kansa, ya faɗa da harshensa, a natse. Shi ya sa yau, bayan shekara kusan 170, muke ambaton sunansa a Tambuwal. Dubban mutanenmu sun je Turai bayansa sun dawo. Kaɗan ne suka bar mana abin da za mu karanta.

Dorugu ya dawo ƙasarmu a 1864. Ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Abbega kuwa ya zama Sarkin Lokoja. Jikansa, Maimaina na Jega, wanda ya zama Sarkin Askira, shi ma ya bar labarin rayuwarsa a rubuce. Jega fa, maƙwabtanku.

Wasu sun bi sawu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman. A 1943 Abubakar Imam ya je cikin tawagar 'yan jarida, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Malaman makaranta da ke saurare, don Allah ku nemo wa ɗalibanku waɗannan littattafai.

Jama'a, kashi na farko ke nan. Idan yanzu kuka kunna rediyo, zancen yawon buɗe ido muke yi, da abin da matashi zai gani ya kuma ci a hanya. Mu shiga kashi na biyu. Turai a yau.

Matasanmu suna zuwa. Wani karatu ya kai shi, wani taro, wani gasar wasa, wani ziyarar ɗan'uwa. To bari mu fara da ƙofa, domin gida ta ƙofa ake shigarsa. Ƙofar ita ce fasfo da biza. Biza ita ce izinin shiga ƙasa, wanda ofishin jakadancinta ke bugawa a fasfonka. Akwai wadda ake kira bizar Shengen. Ma'anarta, ƙasashen Turai 29 sun haɗa kai sun cire shingen da ke tsakaninsu. Da biza ɗaya sai ka shiga Faransa, ka wuce Jamus, ka gangara Italiya ko Sifen. Ta ziyara tana ba ka kwana 90 cikin kowane kwana 180. Tun watan Yuni na 2024 kuɗinta ga babba yuro 90 ne, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Sai ka nuna inshorar lafiya, wato takardar da ke cewa in ka kwanta ciwo a can akwai kamfanin da zai biya. Ingila ba ta cikin wannan haɗaka. Bizarta daban ce. In sake faɗa, bizar Ingila daban, ta Shengen daban.

Wata hanya kuma ba hanya ba ce. Duk wanda ya ce zai bi da kai ta Agadas da Libiya ya ɗora ka a kwalekwalen roba, ka guje shi. Hamadar nan da tekun nan sun ci 'ya'yan mutane masu yawa. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne. Iyaye, ku sa ido.

To a ce ka shiga ta ƙofa, ka sauka Faris. Me za ka gani? Kowa hasumiyar Eiffel yake fara nema. Ƙarfe ce zalla, tsawonta wajen mita 330. Je ka gan ta, gani ya kori ji. Amma kada ka ɗauki hoto ka juya. Tambayi wanda ya gina ta, da dalilin gina ta. Za a ce maka don baje kolin duniya na 1889 aka yi ta. Daga nan ka nemi Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926. Ka yi salla, ka zauna a farfajiyarsa ka sha shayin na'ana'a irin na Magariba. Sannan ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauka unguwar Château Rouge. Nan za ka ga kuɓewa da busasshen kifi da manja da barkono, ka ji harsunan Afirka ta Yamma ta ko'ina. Wannan ma Faris ce.

Daga Faris zuwa Landan jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin teku, ta ramin da aka buɗe a 1994. Awa biyu da 'yan mintuna ka isa. Dorugu sai da ya hau jirgin ruwa. A Landan akwai Gidan Tarihin Birtaniya, shiga kyauta ne. A ciki za ka ga kayan tagulla na Benin da sojan Ingila suka kwasa a 1897, waɗanda Najeriya ke neman a dawo da su. Ka tsaya gabansu da kyau. Kayan ƙasarka ne.

Amma ni, da za a ba ɗan Sakkwato zaɓin wuri ɗaya tak a Turai, kudancin Sifen zan nuna masa. Andalus ke nan ta cikin littattafai. A Ƙurɗuba akwai masallacin da aka fara ginawa wajen shekara ta 785, mai ginshiƙai ɗaruruwa, wanda aka mayar coci bayan 1236. A Garnaɗa akwai fadar Alhambra, inda mulkin Musulmi ya ƙare a 1492. Almajirin da ya zauna a zauren malami a Tambuwal ya san sunayen nan ko bai sani ba. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ɗan can ne. Ibn Malik mai Alfiyya, wadda ake haddacewa a nahawu, haifaffen Jayyan ne a ƙasar Andalus. Wanda ya je da wannan sani a kansa, abin da zai gani daban ne da na wanda ya je ɗaukar hoto.

Yanzu abinci, inda aka fi samun matsala. Ku matso kusa.

Abu na farko, kada ka sa kilishi a jaka. Na san Inna za ta ce a kai wa yaya tsaraba. Amma dokar Tarayyar Turai da ta Ingila ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan nono a kayansa. Za a ƙwace a filin jirgi, wataƙila har da tara. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk ka bar su gida. In maimaita, nama da kayan nono ba su shiga.

Abu na biyu, naman alade da giya suna ɓuya a cikin abincinsu inda ba ka zato. Suna shiga miya, suna shiga burodi mai nama a tsaka, har alewa mai danƙo wani lokaci da sinadarin fatar alade ake yin ta. To ka koyi sunan abin da kake gudu da harshen garin. A Faransa in ka ga porc ko jambon, alade ne. A Jamus Schwein. A Ingila pork, ham ko bacon. Ka nemi shagon da aka rubuta halal a ƙofarsa. Suna da yawa a manyan birane, na Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan. In ba ka samu ba, kifi da ƙwai da ganye sun ishe ka. Kuma ka tambaya. Ba abin kunya ba ne ka ce wa mai kawo abinci, me aka sa a ciki? Su kansu Turawa suna tambaya, saboda wasunsu gyaɗa ko madara na tayar musu da ciwo. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na uku, kuma nan nake roƙonku, kada tsoro ya hana ku ɗanɗana halal ɗin da baƙo ne. Akwai matashin da zai yi wata guda a Landan, kullum yana unguwar Peckham wurin 'yan Najeriya yana cin shinkafa dafa-duka. Ba laifi, kewar gida gaskiya ce. Amma ya dawo bai san ɗanɗanon garin ba. Ci soyayyen kifi da dankalin Ingila, da gishiri da ɗan ruwan tsami. A Balin ci dona kebab na Turkawa, gasasshen nama da ake yankowa siri-siri daga sanda mai juyawa, a cusa cikin burodi da ganye. A Italiya ci taliyarsu, ka ji yadda suke tsame ta da sauran ƙarfinta, ba su bari ta yi laushi. A Faransa sayi dogon burodin nan da safe yana da zafi. Wanda ya taɓa zuwa Ƙonni ko Dosso ya san shi. Ɗanɗana cukunsu, ko da warin wani zai sa ka ja da baya. In bai yi maka ba, ka ajiye cikin ladabi. Abincin mutane ne, kada ka yatsina fuska a gaban mai shi.

Sai lokaci. A Landan cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Cikin Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Ka nemi jadawalin salla na masallacin garin tun ranar da ka sauka.

Wannan shi ne kashi na biyu. Masu saurare, kuna tare da shirin faɗakarwa, muna zancen matashi da tafiya. Ga kashi na uku, wanda ya fi shafar mafi yawanmu. Mu dawo gida.

Ɗana, ƙanena, kai da ke Kebbe ko Tambuwal, ina da tambaya. Ka taɓa zuwa Gwandu don ka gan ta? Ban ce ɗaurin aure ko cin kasuwa ba. Don ka gan ta. A can kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, mai tafsirin Liya'ut Tawili, wanda ya rasu a 1829, ƙanen Shehu. Shehu da kansa ya zauna Gwandu kafin ya koma Sifawa. Garinku ma fa, Tambuwal, ribaɗi ne na zamanin jihadi, wato garin tsaron iyaka, kuma Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya riƙe shi. Ka taɓa zama gaban wani dattijo a ƙofar fada ka ce, Baba, ina ganuwa ta bi, ina ƙofofin suke?

Hau mota a tashar Tambuwal ka nufi Sakkwato. Tafiyar kusan kilomita 100 ce. Yawancinmu barci muke yi a hanyar nan. Kai kada ka yi. Za ka wuce Dogon Daji. Za ka wuce Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a nan aka binne shi a 2018. Ga Yabo a gefe, garin Sarkin Kabin Yabo. Ga Sifawa, inda Shehu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har 1815. Ga Boɗinga, inda Malam Abdullahi ya zauna. A cikin Sakkwato ga Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, kuma a nan 'yarsa Nana Asma'u take kwance. Ga fadar Sarkin Musulmi. Ga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana takardu da makamai da kayan sarauta. Ga Giginya, inda aka gwabza da sojan Ingila a watan Maris na 1903. Mutane suna tasowa daga Nijar da Ghana da Sudan don su ga wuraren nan. Kai kuɗin mota kawai ya raba ka da su.

In ka juya ta yamma kuma, ga Argungu. Tsohuwar fadar Sarkin Kabin Argungu ce aka mayar Gidan Tarihin Kanta. Bikin kamun kifinsu ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934, shekarar nan da ya je Ingila. A 2016 hukumar UNESCO, wato sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya. Akwai kuma kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta na ƙarni na 16, mai ganuwar dutse.

To abin ci fa? Nan ma ka duba, ka ɗanɗana, ka tambaya, ka adana.

A ce ka sauka kasuwa, ka ga wata dattijuwa da tire na hoce. Ka saba saye ka wuce. Yau ka durƙusa.

"Inna, sannu da rana."

"Yawwa ɗana, sannu kadai. Na nawa za a ba ka?"

"A ba ni na ɗari biyu. Inna, in tambaye ki mana. Da wace dawa kika yi shi, kaura ko farfara?"

Za ta dube ka, ta yi murmushi, domin an daɗe ba a tambaye ta ba. Sai ta fara. Yadda ake niƙa dawar. Yadda ake kwaɓa garin a bar shi ya ɗan yi tsami. Yadda ake gasa shi. Dalilin da ya sa matafiya ke guzurinsa, don ba ya saurin lalacewa. Wurin wa ta koya, ita kuma waccan wurin wa. Cikin minti goma ka sami abin da babu shi a littafin makarantarku.

Haka fura. Kullum kana sha, amma ka taɓa bin ta daga farko? A surfa gero, a wanke, a daka da citta da kanumfari da barkono. A cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa. A tsame, a kirɓa a turmi har ta yi danƙo. A mulmula, a barbaɗe da gari. Sannan Bafulatana ta dama maka a ƙwarya da nono mai kauri, ta miƙo da ludayi. Sha ta Kebbe, ka sha ta Sakkwato, ka gaya mana bambancin. Wata ta fi yaji, wata ta fi laushi, wani nonon ya fi tsami. Harshen da ya iya rarrabe furar gari biyu, shi zai iya rarrabe cukun Faransa da na Italiya.

Tsaya wurin mai kilishi ka ga yadda yake feɗe nama fale-fale, ya shanya a rana, ya tsoma cikin labu na tunkuza da kayan yaji, ya sake shanyawa, sannan ya nuna wa wuta. Biya Aliero lokacin kakar albasa ka ga buhuna jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Tambayi manomi yaushe ya dasa, sau nawa yake ban ruwa, yaya yake ajiya don kada ta ruɓe. Albasar yankin nan ce fa Barth ya yaba a 1853. Gangara bakin gulbi wurin Sarkawa ka ci kifi banda, ka tambayi sunan kowane kifi, tarwaɗa ce ko ƙarfasa ko giwan ruwa. Nemi tuwon shinkafa da miyar sure a gidan da aka iya ta.

Saura adanawa. Dorugu sai da ya sami mai rubuta masa. Kai wayarka na aljihu. Buɗe wurin ɗaukar murya ka yi magana da Hausa, tun abin yana sabo a kanka. Faɗi sunan garin da ranar. Faɗi abin da ka gani, da abin da ka ci, da nawa ka saya, da abin da aka gaya maka. In ka iya rubutu, boko ko ajami, sayi ɗan littafi ka riƙa zubawa. Kafin ka ɗauki hoton mutum, nemi izininsa, musamman mata da dattawa. A hubbare ka cire takalmi, ka rage murya, ka yi wa mamata addu'a, ka bi abin da masu kula da wurin suka ce. 'Yan mata, ku ma da ku nake. Ku tafi da muharrami ko cikin tawagar makaranta. Ku kuka fi kowa damar shiga madafa ku ji sirrin girki daga bakin masu shi.

Iyaye, ga naku. In yaro ya ce zai je Gwandu ko Sakkwato ganin tarihi, kada a ce masa yawon banza. A tambaye shi da wa zai tafi, a ba shi kuɗin mota, in ya dawo a zaunar da shi bayan sallar isha'i ya ba da labari. Shugabannin makarantun sakandare na Tambuwal da Kebbe, mota ɗaya da malami biyu sun isa a kai aji guda Hubbare da Gidan Waziri Junaidu a dawo a yini.

Sai dai a kula da hanya. Duk mun san halin tsaro da yankinmu ke ciki, musamman hanyoyin daji. A tashi da safe, a dawo kafin magariba. A shiga mota a tasha, ban da ta bakin hanya. A tambayi direbobi labarin hanya kafin a tashi, domin su ke bin ta kullum. A tafi mutum biyu ko uku, a bar wa na gida lambar waya da sunan inda za a sauka. In aka ce hanya ba kyau yau, a haƙura sai wani mako.

Lokacinmu ya cika. Wanda ya yi irin wannan tafiya, ko zuwa Gwandu ce ko zuwa Garnaɗa, ya aiko mana da labarinsa, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu zaman lafiya.